Sawun da Ya Sauko Daga Jirgin Fas

Ba a daɗe da saukowa daga Juma'a ba, wasu ma ko loma ba su kai baki ba, Umara mai gadin lambu ya shigo gari yana haki, ya ce an kwashe dabinon Maroko.

Wanda ba ɗan Gure ba sai ya zaci buhun dabino ake nufi. Dashe ne guda biyar, kowanne bai wuce kamu ɗaya ba, amma a bazarar nan ko jaririn da aka haifa bayan dogon jira bai fi su samun 'yan barka ba. Ƙungiyar masu lambun kwari ce ta tura mutum uku Maroko su gano yadda ake noman irin dabinon nan mai kauri: shugabanta Alhaji Ɗan Kasuwa, da Burahima mai jin Faransanci, da Mardiya wakiliyar mata. A Rabat aka sauke su. Kullum da safe su hau jirgin ƙasa zuwa wani gari, yau Fas, gobe Marakesh, jibi Miknas, su dawo Rabat su kwana. Abu biyu suka kawo tsaraba, dashen nan da labarin jirgi. Dashen aka kafa a bakin kwari, daidai inda duk mai wucewa bisa kwalta zai hango. Labarin jirgi kuwa babu zauren da bai shiga ba.

Kafin a ce kwabo kwari ya cika. Ramuka biyar ga su nan a buɗe. Aka ga sawun raƙumi a gefen kwalta, wani ya ce bai ga Tahiru makiyayi a masallaci ba, wani ya tuna bara raƙuman Tahiru sun taɓa cin shingen lambu. Iyakar shari'ar ke nan. Samari suka hau babura, ba su jima ba suka dawo da Tahiru da raƙuminsa, ga kuma ɗanyar ƙasar lambu manne a jikin sirdi.

Alhaji Ɗan Kasuwa ya gyara babbar riga ya ce, “In rana ta faɗi ba a ga dashen nan ba, jandarma za su zo su tafi da shi. Rijiyar kwari kuma daga yau ko akuyarsa ba ta ƙara sha.”

Kowa ya san abin da wannan ke nufi. A tsakiyar bazara, in aka hana garke rijiyar kwari, rijiya ta gaba ba kowace dabba za ta kai ta da rai ba.

A lokacin ne Aisami mai bin sawu ya iso, yana saɓe da sanda, yana taunar goro.

*

Aisami dattijo ne siriri, mai son dariya, mai son labari fiye da abinci. Ba ƙafar da ke taka Gure da bai sani ba. Har cewa ake in mace ta samu ciki, shi ke fara ganewa a takunta kafin uwar mijinta. Shi ne kuma mijin Mardiya, saboda haka shi ya fi kowa shan labarin jirgi, kuma bai ƙoshi ba. Mutumin da bai taɓa wuce Damagaram ba, yanzu ya san sunayen tashoshin Maroko kamar can aka yanke masa cibi.

“Ku ja baya,” ya ce. “Kun tattake mini rabin littafi, ku bar mini sauran.”

Ya tsuguna bakin ramin farko, nan take fuskarsa ta washe. Ba don sata ta yi masa daɗi ba. Shi dai in ya ga aiki mai kyau, jikinsa har rawa yake.

Ɓarawon bai tumɓuke dashen ba. Sai da ya zuba ruwa ƙasa ta kama jikinta, sannan ya haƙa kewaye ya ɗaga kowanne da ƙasarsa. Ganyen kabar da aka yi musu inuwa da shi ma bai watsar ba, ya jera shi gefe a tsanake. Aisami ya tsinci wani ɗan ganye da ya faɗi, bakinsa ya bushe ya yi ja. Ya dangwali ƙasar da ta yi farin ɓawo a sama, ya ɗanɗana, ya tofar. Kanwa ce zalla.

Sai sawu. Nan ne ya yi dariya har goro ya kusa shaƙe shi. Ba yatsu, ba dunduniya, ba zanen takalmi. Tambari ne kawai mulmulalle, kamar an buga taɓarya a ƙasa. Mutumin ya naɗe ƙafafunsa da tsumma. Ya kuma riƙa sauya taku, nan gajere, can dogo, don kada a auna tsayinsa. Inda ya samu magudanar ruwa ya bi ta ciki.

“Wannan ya san ni,” in ji Aisami. “Ya san ni ƙwarai.”

Amma a bayan tambarin tsumman akwai wani abu da bai taɓa gani ba. Layi biyu ne suke tafe tare, tsakaninsu bai fi taƙi biyu ba. Na dama siriri ne, sumul, abu ne mai juyawa. Na hagu kuwa kartar ƙasa yake, yana ture ta gefe. Baro layi ɗaya yake bari. Amalanke ta fi haka faɗi nesa ba kusa ba. Umara ya ce ko maciji biyu ne, wata tsohuwa ta ce keken aljanu ne, ta yi a'uziyya ta matsa.

Aisami ya bi layin har bakin kwalta. Can raƙumi ya durƙusa, ya tashi da nauyin da bai zo da shi ba, mai tsumma kuma bai ƙara taka ƙasa ba. Raƙumin ya nufi arewa ya shiga burtali, inda garke bayan garke da baburan samari suka dagula komai. Zai iya warware shi, amma sai gobe, kuma Tahiru ba shi da gobe.

*

An zaunar da Tahiru gindin gawo, an ɗaure masa hannu da igiyar raƙuminsa. Dogo ne, mai ƙarancin magana. Aisami ya zauna kusa da shi, suka gaisa da Barbarci, ya tambayi iyali da dabbobi kamar a kasuwa suka haɗu.

“Raƙuminka ya ɗauki dashen,” in ji Aisami.

“Ya ɗauka.”

“Amma ƙafarka ba ta shiga lambu ba. Daga kwalta ka tsaya.”

“Haka ne, Baba.”

“To wa ya shiga?”

Tahiru ya kawar da kai ya dubi tudun yashi.

“Ɗan nan, rana tana tafiya. Ba kai kaɗai ba ne, akwai 'ya'yanka, akwai garke.”

“An ba ni amana,” in ji Tahiru. “Mai ita in ya ga dama ya zo ya karɓa.”

“Dashen suna raye dai?”

“Sun sha ruwa daga salkata.”

Aisami ya miƙe yana kaɗe riga. Tausayi ya kama shi, haushi ma ya kama shi, don babu abin da ya fi mai gaskiya taurin kai.

*

Tunda ƙasa ta kawo abin da bai sani ba, ya ce bari ya nemi waɗanda suka je inda bai je ba. Ya samu Burahima a shagonsa na gyaran famfon ban ruwa. Tun dawowarsa Burahima ba ya cire wasu takalma ruwan ɗorawa masu tsinin baki, ko cikin baƙin mai.

“Ina kake lokacin Juma'a?” in ji Aisami.

“Sahu na biyu, Baba, bayanka kaɗan. Har ka taka mini takalmi a ƙofa.”

“Su waɗannan? Na ɗauka an yar da mangwaro ne.”

Burahima ya yi dariya. “Ai takalman nan suna da tarihi. Ranar farko da za mu Marakesh, jirgi ya tsaya, ƙofa ta buɗe da kanta. Na leƙa na ga wuri tsaf, ya fi ɗakin amarya. Ni kuwa ba a haife ni in shiga ɗakin mutane da takalmi ba. Na tuɓe su a bakin ƙofa na shiga. Ina zama na hango su ta taga suna komawa baya.”

“Ka je Marakesh ba takalmi?”

“Da safa, Baba. Har yau ina jin zafin dutsen garin nan, can na sayi waɗannan.”

Aisami ya riƙe ciki. Ya taɓa jin labarin a bakin Mardiya, amma na mai shi ya fi gishiri. Ganin ya samu mai saurare, Burahima ya zaro waya ya kunna masa hoton da ya ɗauka a tasha. Aisami ya manta da dashe, ya manta da rana. Ga jirgi ya shigo, dogo, ba hayaƙi, ba direban da ke ihun a matsa ciki. Ga gonakin zaitun suna gudu ta taga. Ga wani mai hula yana tura keken shayi tsakanin kujeru, shayin ko motsi ba ya yi.

“Yanzu a ce mutum ya karya kumallo a nan, ya yi azahar a wuri mai nisan Damagaram, ya dawo ya ci tuwon dare a gida?”

“Har da barci a hanya.”

“Allah ya nuna mini kafin in mutu.” Sai ya dafe hannun Burahima. “Tsaya. Mayar da shi baya.”

Burahima ya mayar. Jama'a ce ke sauka daga jirgi, maza da mata, tsofaffi da yara. Ba wanda ya ɗora kaya a ka. Kowa yana jan akwatinsa a baya, kowane akwati da 'yan ƙafafu biyu suna juyawa.

Aisami ya buɗe hannu ya auna taƙi biyu a iska.

“Ku ma kuna da irinsa?”

“Mu duka uku. Waɗanda suka gayyace mu suka raba mana, iri ɗaya, launi ɗaya. Nawa ga shi can, na zuba ƙarafa a ciki.”

Aisami ya kifa shi. Ƙafa biyu lafiya lau, kuma gizo-gizo ya riga ya yi saƙa a tsakaninsu.

“A cikinku akwai wanda nasa ya gurgunce?”

“Kai, Baba, kamar kana wurin. Ranar Fas ce. Mun tafi da akwatuna don sayen tsaraba. Alhaji ya tsaya cinikin tire na tagulla, ya ƙi bari a ci masa ko sisi, har lokacin jirgin komawa ya yi. In ka ga Alhaji yana gudu da babbar riga. Shi ya shiga, akwati bai gama shiga ba, ƙofa ta datse shi. Ƙafar hagu ta tsinke, muna ji tana gangarawa ƙarƙashin jirgi. To da muka koma masauki...”

Ya ɗaga kai, ya ga bayan Aisami ya kusa shan kwana.

“Baba, ban gama ba,” in ji shi. Amma dattijon ya yi nisa.

*

A hanya Aisami sai lissafi yake yana murmushi. Biri ya yi kama da mutum. Wa ya fi kowa saurin nuna Tahiru? Wa ke da wani lambu nasa na kansa a hanyar Kelle? Alhaji yana sahun gaba a masallaci, gaskiya ne, amma mai kuɗi ba ya rasa ƙafar aro.

Ya tarar da shi a zaure yana ta waya. Bayan gaisuwa ya ce, “Alhaji, akwatinka na Maroko nake son gani.”

“Akwatina? Ni kake tuhuma, Malam Aisami?”

“Ni ba na tuhuma. Ƙasa ke tambaya, ni ɗan aike ne.”

Aka fito da akwatin, an lulluɓe shi da zane don ƙura. Aisami ya kifa shi, ya murza ƙafar dama, ta juya. Ya murza ta hagu, ita ma ta juya, har da ɗan ƙaranta mai daɗi.

“An ce ƙofar jirgi ta cinye ƙafa ɗaya a Fas.”

Alhaji ya yi tari, ya dubi rufin zaure. “Burahima bakinsa ba ya rufuwa. E, an yi haka. To amma ka duba, ni ne shugaban tafiya. Ina za a ga shugaba yana jan gurgun akwati a filin jirgin sama, yana ƙara kamar ana wasa wuƙa? Da muka koma masauki sai muka yi musaya.”

“Da wa?”

“Da maiɗakinka mana. Ba ta faɗa maka ba?”

Aisami ya saki akwatin. Ya ji goron bakinsa ya koma ɗaci. Abubuwa suka riƙa zuwa masa ɗaya bayan ɗaya. Ɓarawon da ya san ranar Juma'a maza duk suna masallaci. Ɓarawon da ke jera kaba a tsanake. Ɓarawon da ya san duk dabarun Aisami, don shekara da shekaru yana jin su a bakinsa bayan tuwo. Da hantsi Mardiya ta ce za ta dubiya, shi kuma bai tambayi wa ke ciwo ba. Ya tuna kuma ranar da ta dawo, tana cewa can ko tsohuwa ba ta ɗora kaya a ka, ita ma wuyanta ya yi ritaya.

“Alhaji,” ya ce, “kafin magariba ka kawo akwatin nan kwari. A faɗa wa Burahima ya kawo nasa.”

*

Ya same ta a tsakar gida tana wanke ƙafa, mayafinta duk ƙura. Gurgun akwatin yana jingine bayan randa, ƙasa ɗanya a bakinsa. Ta ɗago ta dube shi, ta ga inda idonsa ya sauka. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, butar hannunta ta karkace ruwa ya zube.

“Yaya mai jiki?” in ji Aisami.

“Da sauƙi, Malam. Su biyar ne, kuma duk za su tashi in an bar su.”

Ya zauna bisa turmi. “Kin ɓoye ƙafarki, Mardiya. Wallahi kin ɓoye ta, ni kaina da na aure ki ban gane ta ba. Sai kika manta akwati ma yana da tasa.”

“Ban manta ba. Cewa na yi ka san sawun kura, ka san na kunama, amma ba ka taɓa zuwa tashar jirgi ba.”

“Kullum kina kai ni, da bakinki.”

Ta kusa yin dariya, sai ta ga shi ba ya yi.

“Tahiru yana gindin gawo a ɗaure,” ya ce. “In rana ta faɗi jandarma za su tafi da shi, a hana garkensa rijiya.”

Ta miƙe tsaye. “Tahiru? Me ya yi? Wucewa kawai yake, ya ga ina fama da akwati ya cije a yashi, ya durƙusar mini da raƙumi. Ni na roƙe shi kada ya faɗa. Ya faɗa?”

“Bai ce uffan ba.”

Mardiya ta koma ta zauna, ta rufe baki da gefen mayafi. Can ta ce, “In na fito yanzu, Alhaji zai sa a tono su a mayar cikin kanwar nan. Tono na biyu kashe su zai yi. A cinyata na riƙo su daga Miknas, Malam.”

“Na sani. Amma ni abin da ƙasa ta faɗa mini shi zan faɗa, ko kina wurin ko ba kya nan.” Ya ɗauki sandarsa. “Na fi son a ji a bakinki.”

Ya fita bai waiwaya ba. Tunda yake bin sawu, bai taɓa fatan a ce ya yi kuskure ba sai ranar.

*

Rana ta yi ja, kwari ya fi ɗazu cika, don an ji Aisami zai yi abin kallo. Ya sa Umara ya share fili kusa da sawun ɓarawo, ya yayyafa ruwa, ya ja layi ya raba shi uku.

“Jama'a,” in ji Aisami, “yau jirgin ƙasa ya iso Gure. Burahima, kai ne kan jirgi. Ja.”

Burahima ya ja akwatinsa yana taku irin na tasha, takalmansa suna walƙiya, yara suna yi masa kukan jirgi. Layi biyu suka fito sumul. Mutane suka leƙa wannan, suka leƙa na ɓarawo, aka fara guna-guni. Faɗin ɗaya ne. Tsohuwar da ta ce keken aljanu ne ta matso gaba don ta gani da kyau.

“Alhaji, bismilla.”

Alhaji ya ja nasa fuska a murtuke. Layi biyu, sumul.

“To kun gani,” in ji Aisami. “Abin da ya fitar da dashe akwatin tafiya ne. Tahiru bai taɓa mallakar irinsa ba, kuma da shi ne, a buhu zai zuba ya saɓa, kamar yadda kowane ɗan ƙasar nan zai yi. Sai wanda ya saba ja a tashar jirgi zai ja kaya cikin yashi. Na ɓarawon kuma gurgu ne, ƙafar hagu babu.”

“Akwatuna uku ne,” in ji wani daga baya.

Ido ya koma kan fili na uku da ba a taka ba, daga nan ya koma kan Aisami. Aisami ya dubi hanyar gari, ba kowa. Ya dubi Tahiru a gindin gawo. Ya gyara murya.

“Na ukun yana gidana,” ya ce. “Mai shi kuwa...”

Sai aka ji ƙara daga kan kwalta, kamar ana wasa wuƙa a dutse. Tana matsowa, tana ƙaruwa. Jama'a suka dare. Mardiya ce, ta sha sabon lulluɓi, ƙafarta ba tsumma, tana jan gurgun akwati tun daga ƙofar gida, ta bar layin da ko makaho zai bi. Ba ta tsaya ba sai da ta ratsa fili na uku daga farko har ƙarshe. Layi ɗaya sumul, ɗaya yana kartar ƙasa.

“Ni ce,” ta ce. “A kwance bawan Allahn nan tukuna, sannan in yi magana.”

Umara ya kwance igiyar ba tare da ya jira umarnin kowa ba.

“Ranar da muka je Miknas,” in ji Mardiya, “matar da ta ba mu dashen nan ta biyo mu har bakin jirgi tana maimaita magana ɗaya. Burahima, kai ka fassara. Me ta ce?”

Burahima ya sosa ƙeya. “Ta ce suna ƙanana, kada a sa su inda gishiri ya yi yawa.”

“Na faɗa a taro, aka ce bakin hanya za a kafa su don baƙi su gani. Na sake faɗa da ganye ya fara ƙonewa, aka ce in bari maza su yi shawara. Ana shawara suna mutuwa. Na kai su kwarin mahaifina da ke arewa, inda ruwa ke da daɗi. Ba nawa ba ne, na ƙungiya ne. In sun yi 'ya'ya, a zo a raba ni da su.”

Aisami ya miƙa wa Alhaji busasshen ganyen nan, ya ce ya dangwali ƙasar ramin ya ɗanɗana. Alhaji ya ga ido ya yi masa yawa, ya dangwala. Fuskarsa ta tattare. Dariya ta ɓarke daga wajen mata, ta bazu.

“Ko da gaskiyarki, ba a ɗaukar kayan jama'a a ɓoye,” in ji shi, bayan ya tofar. “Za a zauna a kanki.”

“A zauna, Alhaji. Na cancanta.”

“Dashen kuma,” ya ƙara da cewa, “a bar su inda suke.”

Mardiya ta taka har gindin gawo, ta durƙusa gaban Tahiru, a gaban kowa. “Ka yafe mini. Ban san za a taɓa ka ba.”

Tahiru yana murza inda igiya ta ci masa hannu. “Na yafe, Inna. Ke ba ki ɗaure ni ba.” Ya miƙe, ya kama akalar raƙuminsa, ya dubi samarin da suka kamo shi. “Ɗazu bisa hanya kike ba ni labari, wai a jirgin can wani da bai san ki ba ya tashi ya ba ki kujera, ya raba gurasarsa da ke. Ni nan aka haife ni. Ba wanda ya tambaye ni komai kafin a ɗauko igiya.”

Samarin suka sunkuyar da kai. Tahiru ya ja raƙuminsa ya nufi rijiya, mutane suka buɗe masa hanya, wani daga cikin samarin ya ruga ya riga shi ɗaukar guga.

*

Da aka watse, Aisami ya sunkuci akwatin ya ɗora a ka.

“Ja ake yi, Malam,” in ji Mardiya.

Ya sauke, ya kama mariƙin, ya ja. Abin ya cije, ya karkace, ya bi shi yana ƙara. Ya waiga ya dubi abin da suka bari a baya, ƙafarsa, ƙafarta, da layin nan guda biyu.

“Da ban zo ba, da ka faɗi sunana?”

“Ya riga ya hau harshena.”

Suka ƙara taku kaɗan. Sannan ta gyara lulluɓi ta ce gobe da sassafe za ta kai wa matar Tahiru tiren tagullar da ta sayo wa kanta a Fas.

“Ki kai,” in ji Aisami. “In kin dawo kuma ki ba ni labarin ranar Fas ɗin nan tun daga farko. Wannan karon kada ki tsallake komai.”